Hoton Ɗan Fari

Ku yi mini gafara, ku da wannan takarda ta faɗo hannunku. Ni ba kowa ba ce da zan rubuta labari. A gidanmu na Gwandu masu gemu ke rubutu, nawa aikin in kori gara daga littattafai, in saci karatun wanda aka manta a buɗe. To amma labarin nan na Kawu Sambo ya hana ni sakat, kuma shi duk ranar da ya bayar da shi sai ya ƙara masa kura da 'yan fashi, alhali babu ko ɗaya a ciki. Shi ya sa na ari tawada ba da sanin mai ita ba. In kun ga tuntuɓe, na farko ne.

Jakin ne ya fara ɓata ranar. Sambo na tsugune a tsakar gidan goggonsa, a rugar da ke bayan Kalgo, ya kara kwalin gilasan da ake ɗaukar hoto a kansu a kunne yana girgizawa a hankali. Abin da ke fitowa daga ciki ƙaras-ƙaras ne, kamar an zuba tsakuwa a gora. Tun daga Gwandu ya rungumo kwalin nan kamar jinjiri, sai da suka iso rairayin bakin gulbi, ana hango Kalgo, ya ɗora shi a kan jaki don ya gyara takalmi. Jakin kuwa ya ga rairayi mai laushi, ya yanke shawarar a nan zai yi birgima.

"Nawa suka tsira?" in ji Ɗahiru, yana tsaye a kansa da ƙwaryar fura.

"Biyu. Waɗanda na riga na sa a gidansu na katako."

"To ai mu ma biyu ne, ni da ita."

"Ba haka ake lissafin ba."

"Na sani. Lissafinku na Ikko daban ne. A tafi da hankali, a dawo da akwati."

Ɗahiru ɗan goggon Sambo ne, wato taubashinsa, don haka tun suna yawo ba wando magana mai daɗi ba ta shiga tsakaninsu sai ranar da ɗaya ke kwance ba lafiya. Yau bayan la'asar Ɗahiru zai bi ayarin da ya nufi gabas, zuwa Makka da ƙafa. Masu wannan tafiya wasu kan dawo bayan shekaru da furfura, wasu kuma labarinsu ne ke dawowa. Shi ya sa ya aika Gwandu a ce wa Sambo ya zo da akwatinsa na ɗaukar hoto. Abu ɗaya yake so: shi da mahaifiyarsa a hoto guda, a fitar da biyu, ya tafi da ɗaya, a bar mata ɗaya.

"Ta tsufa," ya ce, yana kallon cikin ƙwaryar. "Hanya kuma ka san ta. Ko ita ko ni."

"Ka tambayi malaminka? Kada ka je Makka da aikina a ce ni na ɓata maka hajji."

"Na tambaya. Ya ce in inuwa ce kawai aka tsare a takarda, to zai duba. Yana nan yana dubawa."

Matsalar ba ta malam ba ce. Ɗahiru ɗan fari ne, Goggo Hauwa'u kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa ba, ba ta taɓa zama a tabarmar da yake kai ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Akwai wani mai sayen nono da ke zuwa daga Dangoma, shi ma sunansa Ɗahiru, shi kuma sai ya zama "mai sunan wancan", har ya saba yana amsawa.

Sambo ya san duk wannan, a cikinsa ya girma. Amma ya yi shekaru a Ikko, wato Legas, inda ya bi fataken goro ya maƙale, yana ɗaukar wa wani Bayarabe mai hoto kaya, har ranar da maigidan ya sayi sabon akwati ya bar masa tsohon. A can ya ga yadda ake yi: uwa a kujera, ɗa a tsaye a bayanta, hannunsa a kafaɗarta. A wurin Sambo hoton uwa da ɗa ke nan, babu wani.

"Bar ni da ita," ya ce. "Na ga an ɗauki matan da suka fi Goggo gardama."

Gaskiyar magana, a Gwandu ba kowa ke yarda da wannan tutiya ba. Hoton farko da ya ɗauka a can na wani mahauci ne, ya tsayar da shi yana fuskantar rana tsaka, mutumin ya fito idanu a runtse kamar an watsa masa barkono. Na biyu wani ladani ne, wanda ya fito tsaf, sai dai giginyar da ke bayansa ta tsiro daga tsakiyar rawaninsa. Har yau in ladanin ya wuce kasuwa ana tambayarsa ko ta fara 'ya'ya. Daga nan Sambo ya fara tuna abubuwan da maigidansa ke faɗa yana jinsu da rabin kunne. Rana ta zauna a bayan kafaɗarka, ba a idon mutum ba. Safiya da yamma abokanka ne, tsakar rana maƙiyiyarka ce. Kafin ka dubi mutum, dubi abin da ke bayansa.

Saboda haka ya kafa akwatin a kan ƙafafunsa uku tun hantsi bai yi zafi ba. Ya sa aka kwance akuyar da ke ɗaure a wurin, aka kawar da tulu mai fasasshen baki. Ya rataya wani gwado mai ratsi a tsakanin sanda biyu, ya kife turmi a gabansa. Kafin ya gama, rugar duka ta taru, har da waɗanda ya kamata a ce suna bayan shanu.

Lami, autar Goggo, wadda ta zo daga gidan mijinta don sallama, ita aka tura lallashi. Ana jinsu daga waje.

"Inna, ke kaɗai za a ɗauka."

"Me zan yi da fuskata a takarda? Ga ta nan a inda take."

"Jikoki za su gani."

"Su zo su gani da ido. Suna da ƙafa."

"Hamma Sambo fa tun daga Gwandu ya taso. Jakinsa ma ya fasa masa kaya."

"Ɗan yayana ne," in ji Goggo. "Ba zan bari a ce jaki ya wulaƙanta shi, ni ma na ƙara ba."

Ta fito cikin baƙin zanenta na rini wanda ba ya ganin rana sai da dalili, da 'yan kunnenta na tagulla. 'Yar siririya ce, miƙaƙƙiya kamar sandar kiwo. Ta zauna a kan turmin, ta dubi akwatin yadda take duban saniyar da aka kawo mata talla.

"Goggo, abu ɗaya nake roƙo," in ji Sambo. "In na cire murfin nan na gaba zan fara salati. Kada ki motsa har in kai ƙarshe. Akwatin nan ba ya kama wanda ya motsa, sai ya fito kamar hayaƙi."

"Wanda bai motsa ba fa?"

"Shi kam har gashin girarsa."

"To ashe aikin naka ba wuya. Ko dutse zai iya zama maka."

Mutane suka yi dariya. Sambo ya shige cikin baƙin mayafin da ke bayan akwati, ya daidaita ta a kan gilashin dubawa, ya fito, ya zura gidan katako mai gilashin hoto. Abin da Goggo ba ta sani ba shi ne Ɗahiru na tsaye a bayan gwadon nan, ya tuɓe takalmi, an yi da shi da zarar Sambo ya yi tari ya fito a hankali ya ɗora mata hannu a kafaɗa.

Sambo ya yi tari. Ɗahiru ya fito, ƙafa ba takalmi, a kan rairayi. Ko kaza ba za ta ji shi ba. Sambo ya cire murfi, ya buɗe baki zai fara salati.

Goggo ba ta waiwaya ba. Miƙewa kawai ta yi kamar wadda kunama ta harba, turmi ya gangara gefe, ta ja zanenta ta rufe rabin fuska, ta wuce ɗakinta ba gudu ba, ba tafiya ba. Aka bar Ɗahiru a tsaye, hannunsa a miƙe a kan kafaɗar iska.

Dariyar da aka yi har shanu suka ɗago kai. Sambo ya mayar da murfin. Gilashi ɗaya ya tafi.

"Wa ya gaya mata?" ya tambayi Lami.

"Ba wanda ya gaya mata. Takunsa ta ji."

"Ba takalmi fa."

Lami ta ɗaga kafaɗa. "Ko cikin garke yake tafe, tana daka a nan, sai ka ga ta juya baya tun bai ƙaraso ba. Mu mun saba."

Daga cikin ɗaki muryar Goggo ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Sambo, yayana ne ya haife ka, ko a Ikko aka tsince ka?"

"Goggo, a can haka ake yi."

"To ka koma can ka yi. Kuma ku gaya wa wancan, in hanya zai kama ya kama. Ni ban aike shi ya tsaya mini a baya ba."

Ɗahiru ya yi dariya tare da kowa, har ya ce wa Sambo yanzu yana da hoton turmi da zai kai wa ladanin Gwandu ya ɗebe masa kewa. Daga nan ya tafi ya tsuguna gaban kayan tafiyarsa, ya kwance igiyar da ya riga ya ɗaure da kyau, ya sake ɗaurawa, ya sake kwancewa.

Aka yi ta kai da kawo. Lami ta shiga ta fito. Wata tsohuwa maƙwabciya ta shiga don ta ba da baki, ta fito tana cewa gaskiyar Hauwa'u ce. Sambo ya ba da shawarar a sa su nesa da juna, tsakaninsu saniya. Goggo ta aiko cewa a ɗauki saniyar ita kaɗai, ta fi kowa haƙuri. Rana kuwa ba ta jira kowa ba, ta hau har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa, kuma wanke hoto da busar da shi da fitar da shi a takarda duk suna son lokacinsu kafin la'asar.

Sambo ya je ya tsuguna kusa da Ɗahiru.

"Saura ɗaya. In na sake kuskure, ba naka ba nata."

"To me ka gani?"

"In ɗauke ka kai kaɗai. A bar mata. Ko ba ta duba ba, yana nan."

Ɗahiru ya ja igiyar ya ƙulle. "Ni kuma in tafi da fuskata, in riƙa dubawa in na yi kewar kaina."

"Ai da fuskar kirki ce."

"Yi yadda ka gani," in ji Ɗahiru, ba tare da ya rama ba. Wannan ya fi damun Sambo fiye da fashewar gilasan.

Wurin gwadon ya riga ya zama wuta, don haka Sambo ya kinkimi akwatin yana neman inuwa. Bazara ce, itatuwa duk sun tuɓe, sai gawon da ke gaban ɗakin Goggo, wanda shi a wannan lokaci yake cika da ganye. Inuwarsa a buɗe take, haske na shigowa ta gefe, irin wanda maigidansa ke cewa yana wanke wa mutum fuska. A nan ya tsayar da Ɗahiru, ya ba shi sandarsa da gorar ruwansa, ya juya shi ya ba ɗakin baya.

Sannan ya juya ga taron. "Kowa ya koma bayan shinge."

"Don me? Ba mu taɓa komai ba."

"Idanunku na sa shi ya ƙame kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ku tafi. Lami, har ke."

Suka tafi suna gunaguni, ana cewa abin da ya koyo a Ikko ke nan, korar mutane daga gidansu. Tsakar gida ta yi tsit, sai kukan kurciya a kan gawo.

Sambo ya lulluɓa da baƙin mayafi. A cikin gilashin dubawa komai a kife yake fitowa, kai ƙasa ƙafa sama, kuma ga Ɗahiru nan a rataye kamar jemage, riƙe da sandarsa. Sambo ya murza har ƙwayar idonsa ta fito sarai. Sai ya tuna giginyar ladani, ya fara bin kusurwoyin gilashin ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya masa. Ta farko reshen gawo. Ta biyu shinge. Ta uku bakin ƙofar Goggo, rabinsa a ciki rabinsa a waje.

Asabarin ƙofar a ɗage yake. Goggo na tsaye a wurin, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, tana kallon bayan Ɗahiru.

Ba irin kallon da ake yi wa mai wucewa ba ne. Ta fara daga hularsa, ta sauko kafaɗu, ta tsaya a wuyan rigar inda ɗinki ya ɗan saki, ta sauka har dugadugansa, ta sake hawa. Sambo ya shekara talatin yana shiga gidan nan bai taɓa ganin wannan fuskar a jikin goggonsa ba. Mutane suna bayan shinge, ɗanta ya ba ta baya, shi kuma mai akwatin ga shi ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle kamar kazar da aka kife da kwando. Wa zai gan ta?

Zufa ta gangaro masa cikin ido. A hankali, da gwiwa, ya tura ƙafar akwatin ɗaya, har ƙofar duka ta shigo cikin gilashi.

"Me kake yi ne a ciki?" in ji Ɗahiru. "Ko barci ya ɗauke ka?"

"Ina neman gefen da ka fi kama da mutum. Yi shiru."

Goggo tana baya, Ɗahiru yana gaba, in ɗaya ya fito sarai ɗaya zai dushe. Maganin wannan ya sani: a ƙanƙance idon akwatin, sai ya kama na kusa da na nesa, amma sai an daɗe ba a motsa ba. Ya miƙa hannu ta gaba ya ƙanƙance shi.

"Ɗahiru, wannan karon salatin dogo ne," ya ce daga cikin mayafin. "Inuwa ce. Ko ƙuda ya sauka maka a hanci, ka bar shi ya gama abin da ya kawo shi."

Ya zura gidan katakon. Da shigarsa gilashin dubawa ya rufe, yanzu kam da gaske ba ya ganin komai. A ƙa'ida nan ne ake fitowa daga mayafi, amma in ya fito za ta saki asabari. Sai ya zauna cikin duhunsa, ya laluba da hannu ya cire murfi, ya fara salati da ƙarfi, mafi tsawon da ya sani, yana ja kamar mai rakiyar amarya. Tana nan? Ta shige? Ta sosa kunne? Bai sani ba. Ya kai ƙarshe, ya mayar da murfi, ya yaye mayafin.

Asabari a sauke yake, kamar ba a taɓa ɗaga shi ba.

Wanke hoto sai cikin duhu, kuma a rugar babu ɗakin da rana ba ta leƙa ta cikin ciyawa. Sai rumbun ƙasa, wanda bazara ta kusa cinye geron cikinsa. Aka kafa masa tsani ya shiga ta sama da kwalabensa da tasoshinsa, aka rufe bakin da bargo, ya bar 'yar ƙofa ɗaya da ya toshe da jan ƙyalle. Zafin ciki kamar tanda. Ƙaiƙayin gero ya shige masa riga.

"In ka ga ɓera ka ɗauke shi hoto," Ɗahiru ya ce daga waje. "Shi ba ya kunyar kowa."

Sambo ya tsoma gilashin cikin tasar magani. Yana karkaɗa tasa a hankali, yana kallon gilashin cikin jan hasken nan mai rauni. A gilashi fari baƙi yake fitowa, baƙi kuma fari. Rigar Ɗahiru ta fara bayyana, baƙa ƙirin. Sai sanda. Sai rassan gawo. Sai can a kusurwa, cikin farin bakin ƙofa, wani abu ya fara tasowa, siriri, miƙaƙƙe.

Ya fito daga rumbun jiƙe sharkaf, gero a gemu. Ya ɗauraye gilashin da ruwan gulbi, ya jingina shi a inuwa, ya zauna gadinsa da kansa yana korar kaji da masu leƙe. Da ya bushe sai ya haɗa shi da takardar hoto a cikin katako ya shanya a rana, yana ɗaga gefe lokaci-lokaci yana dubawa, har ta yi launin da yake so. Da ya zo kan takarda ta biyu, sai ya tsinki ganye ɗaya mai faɗi, ya ɗora a kan kusurwar gilashin da ƙofa ta fito kafin ya shanya. Inda ganye ya tare, rana ba ta rubuta komai.

Ya kira Ɗahiru bayan garke, inda ba kowa, ya miƙa masa ta farko.

Ɗahiru ya karɓa da shirin zagi a bakinsa. Ya dubi kansa, ya ce hancin ba nasa ba ne. Sai idonsa ya matsa gefe. Ya kawo takardar kusa, ya nesanta ta, ya sake kawowa. Tana nan sarai, har 'yan kunnen tagulla, har yatsun da ke jikin ƙyaure, har inda idanunta suka sauka.

Ɗahiru ya ƙura wa hoton ido. Wani maraƙi ya zo yana lasar gefen rigarsa bai kore shi ba.

"Me take kallo?" ya tambaya, muryarsa a ƙasa.

"Akuya, ina jin. Akwai wata a gabanka."

"Babu akuya a wurin. Kai ka sa aka kwance ta."

"To ban sani ba. Ni kaina a cikin mayafi yake."

Ɗahiru ya goge hannu a riga, ya naɗe hoton cikin ƙyalle mai tsabta, ya sa a aljihun ƙirji, ya dafa wurin. "Ashe ba a banza ka zubar da hankalin ba," ya ce.

Bayan la'asar rugar ta ɗunguma rakiya zuwa bakin kasuwar Kalgo, inda ayari ke haɗuwa. Ɗahiru ya tsuguna a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ta wajen asabari, ya nemi gafara. Amsar ta fito ta hannun Lami, tare da ƙullin dambun nama da 'yar gorar man shanu: a gaya wa wancan an yafe, kuma wuyan rigarsa ya saki, ya nemi allura kafin ya yi nisa. Uwa ba ta rakiyar ɗan fari, don haka ba wanda ya jira ta fito.

Sambo ya raka su har shinge, suka yi musabaha, Ɗahiru ya ce masa ya gaida jaki, sannan Sambo ya dawo haɗa kayansa. Ya tarar da Goggo ta fito tana jera ƙorai a kan gado kamar kowace yamma. Ya durƙusa ya miƙa mata takarda ta biyu.

"Ga naki, Goggo."

"Ajiye can. Me zan yi da shi?"

Ya ajiye a kan faifai. Ta ci gaba da jera ƙorai, ta gyara wadda ba ta karkace ba, sannan ta kai hannu ta ɗauka kamar mai kawar da shara. Ta riƙe shi nesa, irin riƙon masu tsufan ido. Sambo ya sunkuyar da kai yana naɗe baƙin mayafinsa, don a bar ta da fuskar da ta shekara talatin da wani abu tana gani ta ƙeya.

"Wannan farin fa?" ta ce can, yatsanta a kan kusurwa. "Nan ba ƙofata ba ce?"

"Rana ce ta ci wurin, Goggo. Takan yi haka."

"A nasa ma ta ci?"

Sambo ya dubi mayafin da ke hannunsa. Ya yi tunanin ƙarya, ya ga ba za ta kai ko'ina ba.

"A nasa ba ta ci ba."

Ya jira faɗa. Ya jira a ce ya bi ayari da gudu ya karɓo. Goggo ta ɗaga faifan da ke rufe babbar ƙwaryarta, wadda ta zo da ita gidan aure, ta sa hoton a ciki, ta mayar da faifai ta danna gefensa.

"To," ta ce. Ta kai hannu tana murza bayan wuyanta. "Amma gaba in za ka ɗauki tsohuwa, ka nemi gajeren salati. Har yanzu wuyana bai sake ba."

Daga nan ta ɗauki igiya, ta ce akwai maraƙin da bai dawo ba. Maruƙan duk suna nan a turke, ya gan su da idonsa. Ta bi ta bayan garke, ta ɓangaren tudun nan da ake hango hanyar gabas daga kansa, kuma masu dawowa daga rakiya ba wanda ya lura ba ta gida.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ba kura, ba 'yan fashi. Ina jin takun Baba a zaure, tawadar kuma tasa ce. Bari in mayar da ita inda na same ta, in bi ta ƙofar baya.